Babur ɗin Baba Hashimu

Ni bakanike ne a bayan kasuwar Dembe, kuma duk masu babur na layinmu na taɓa kwance musu inji, ban da Baba Hashimu mai gwanjo. Shi bai taɓa kawo nasa gareji ba. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a nan unguwar Amrigebe, bai ƙara gaba ba. Baba yakan ce a gidansu matafiyi shi ke ɗinke takalminsa.

Ranar Juma'a da hantsi yake juyen baƙin mai. Zai shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya jera sifana, ya wanke fulogi da fetur a gwangwanin tumatir, ya shafa wa sarka giris. Tsofaffin unguwa su zauna kewaye da shi, Hausa zalla, har a kira salla. Nakan tsaya in ce masa ya kashe mana kasuwa. Yakan ce ku 'yan gareji da kunne ɗaya kuke sauraron inji, ɗayan yana wajen shayi.

Da gidan gado ya yi musu kaɗan aka sayar, 'yarsa Hidaya ta ɗauke shi zuwa gidanta a unguwar Gasi. Can kuwa Larabci ne ko'ina, ba mai zama kusa da buhunsa. Hannunsa na dama ma ya fara rawa. Hidaya ta so a sayar da babur ɗin ya riƙa shiga bas, ya ƙi. Da babur ne kawai yake zuwa kasuwa da Amrigebe lokacin da ya ga dama.

Wata Asabar na hango shi yana turo shi cikin rana. Ya yi juye jiya kamar kullum, amma notin ƙasa mai toshe man bai ɗauru ba. Man ya tsiyaye a hanya, injin ya buga.

"Na ɗaure shi, Muntaka," ya ce. "Har inda hannuna ya tsaya na ɗaure."

Na sa yatsa biyu, notin ya juya. Ya zauna a benci yana kallo ina kwance abin da ba wanda ya taɓa kwancewa sai shi.

Da na gama gyara na ba shi shawara. Ya riƙa zuwa nan ranar Juma'a da buhunsa, ya yi aikinsa da kansa, ni in bi bayansa in ƙara ɗaure noti, shi ke nan. Ya daɗe yana shafa tankin.

"In wani ne zai bi bayana, ɗan nan, to ba ni na yi ba."

Na ce Baba noti ɗaya ne. Ya ce ai shi ne ya riƙe man.

Ya bar makullin a kan benci ya nufi tashar bas. Bayan kwanaki Hidaya ta zo da wani ɗan kalando, mai haya da babur, suka daidaita ciniki. Ta ce Baba yana gida, ba ya yawan fita.

Sabon mai shi yana kawo mini shi juye. Yakan jingine shi ya tafi cin abinci, bai taɓa tambayar wane mai na zuba ba.