Agogon Aljihun Alhaji Lamine

Da sunan Allah nake farawa. Malam Hassoumi mutumin Damagaram ne, gyaran agogo ya gada wajen ubansa. Da Allah ya kawo shi Greensboro ta Amurka sai ya kama ɗaki a unguwar Glenwood cikin 'yan makaranta. Ranakun aiki yana wanke-wanke a gidan abinci, ran Asabar kuma ya hau bas da ɗan akwatinsa, ya kafa tebur a kasuwar gwanjo.

Nan ya haɗu da agogon aljihu na Turawan da, irin mai murfi da sarƙa. Ashe a zamaninsu mai yin inji daban, mai ƙera gidan agogon daban. Su maƙeran gidan kowa da sunan da yake bugawa cikin murfi, kuma kamfani ɗaya sai ya yi suna uku ko huɗu: wannan na zinariya zalla, wannan na tagullar da aka lulluɓe da zinariya, wannan na talaka. Wani ma ba suna, sai hoton kambi ko sikeli. Hassoumi ya bi ya haddace su. Har ta kai in ya buɗe murfi ya ga tambari, ba ya ƙara gwadawa, sai ya ce, "Wannan na san gidansu." Mutane na yabonsa, shi ma abin ya ɗan shige masa kai.

To akwai Alhaji Lamine, dattijon da ke kiran salla a masallacinsu, wanda ya riƙe Hassoumi kamar ɗa tun zuwansa. Hassoumi ya samo wani agogo a garin Pleasant Garden, gidan wata tsohuwa da ta rasu ana sayar da kayanta. Ya gyara shi tsaf ya kai wa Alhaji kyauta.

Alhaji ya juya shi ya ce, "Kai, ɗan nan, wannan ba zinariya ba ce? Ka san namiji ba ya sa ta."

"Wallahi Baba tagulla ce. Ga tambarin kan barewa nan. Masu wannan ba su taɓa yin na zinariya ba, kuma ɗan ruwan zinariyar da suka shafa ma ya gama goguwa."

Alhaji ya karɓa. Amma Malam Badaru, wani Bakano direban tasi, da ya gani sai ya ce shi fa idonsa bai yarda ba, ladan guda da zinariya a ƙirji. Alhaji ya fusata, ya ce yaronsa ya rantse, wanda bai yarda da rantsuwar musulmi ba ya je can ya ƙarata. Daga ranar tsakaninsa da Badaru sai gaisuwar nesa. Azumi ya zo ya wuce, wani ya zo, ba su sha ruwa a tabarma ɗaya ba.

Ana nan murfin ya ɓalle, Alhaji ya kawo gyara. Hassoumi ya sa magagari ya ɗan goge bakin don ya liƙe. Ya goga, yana jiran jan tagulla ya fito. Bai fito ba. Ya ƙara zurfi, rawaya ce har ciki. Ya ɗiga ruwan gwaji, ko gezau. Inna lillahi. Ya kalli tambarin da gilashi, sai ya ga barewar nan ƙahonta ya bambanta, ta wani maƙerin ce can dabam.

Ya ajiye gilashin. Shaiɗan ya ce masa ga hanya mai sauƙi: ka zare injin ka sa a gidan farin ƙarfe, ka ce wancan ya ƙi gyaruwa. Har ya zare. Ya tashi yin la'asar, ya ɗaga hannu zai yi kabbara, sai ya kasa haɗa niyya.

Ran Juma'a bayan an sallame, ya ja Alhaji gefe ya faɗa masa, kansa a ƙasa. Alhaji ya daɗe yana istigfari. Can ya ce, "Abin da na sa ban sani ba, Allah mai gafara ne. Amma bawan Allah da na ƙaurace wa saboda bakinka fa? Ba ni za ka gaya wa ba. Taho."

Ya kama hannunsa kamar na ƙaramin yaro, har wajen fakin motoci inda jama'a ke tsaye ana sayen kilishi. Ya ce, "Badaru, tsaya ka ji."

Hassoumi ya matso gaban Badaru. Ya ce, "Malam, kai ne da gaskiya. Zinariya ce. Na rantse ban gwada ba."

Jama'a suka juyo. Badaru ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Oho, farfesan murfi! Yau barewar ta tsere ke nan?" Aka kwashe da dariya, har yara suna tambaya da Turanci me aka ce.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya miƙa wa Badaru hannu biyu ya ce, "Ka yafe mini, ni ne babba, ni na fi laifi."

Wannan ce ta fi yi wa Hassoumi ciwo, ganin furfurar nan ta sunkuya a bainar jama'a saboda shi. Badaru ya yi maza ya riƙe kafaɗun tsohon yana cewa, "Haba Baba, haba." Shi kuwa Hassoumi yana tsaye da gidan agogon a tafin hannu, ba wanda ya ce masa kawo.