Watan da Baffa Sule Ya Goge wa Fuska

Zan faɗi abin yadda ya faru, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe, domin ba na son labarin da ake yi wa tsallake-tsallake.

Gidanmu yana Jajaye. Lokacin ina firamare, a farkon shekarun tamanin. Idan kaka ta yi aka kawo gyaɗa gida, da an idar da sallar isha'i sai mu taru a ƙofar ɗakin kakarmu, wadda muke kira Iya. A hura wuta da karan dawa, a ajiye ƙwaryar gyaɗa a tsakiya, kowa ya ja kasonsa yana ɓarewa. Dokarta guda ce: idan hannun yaro ɗaya ya tsaya, tatsuniya ma ta tsaya. Ni kuwa maigida take ce mini, wasan kaka da jika, wai don na cika gyara wa mutane zance.

Autanta shi ne Baffa Sule, ƙanen mahaifina, mai ɗaukar hoto a kasuwar Rogo. Abin da ya yi suna da shi shi ne gyara. Zai ɗora fim a kan gilashi, fitila a ƙasa, ya fiƙe fensir kamar allura, ya bi ƙuraje da tamoji ɗaya bayan ɗaya yana cikewa. Tsoho zai shiga shagonsa, a ba shi hoton saurayi, kuma kowa ya tafi yana murna.

Wata rana ya sayi tsire aka naɗe masa a shafin wata tsohuwar mujallar Turanci. A jikin shafin akwai hoton wani abu kewayayye, fari, duk layuka ja-ja sun gitta shi. Ya kai wa hedimastanmu, Malam Isiyaku, ya karanta masa ɗan rubutun da ya rage. Wai an harba wani kumbo ba kowa a ciki, ya wuce ta kusa da Mushtari, duniyar da ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, kuma tana da watanni da yawa. Wannan ɗaya ne daga cikinsu. Inda bayanin ya ci gaba, nan aka yage.

Baffa ya dubi layukan ya yanke hukunci irin na sana'arsa. Takarda ce ta sha nannaɗewa da mai da yaji, kuma bugun ma ba mai kyau ba ne. Sai ya ɗauki hoton shafin da kyamararsa, ya bi layukan nan da fensir har ya gama da su, ya wanke babba, ya kawo gida. Ga wata nan sumul kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare.

Muka yi ta juya shi a hasken wuta muna tambaya. Wa ya danna kyamarar? Wa ya dawo da fim ɗin? Baffa ya ce ta iska hoton ya zo, kamar maganar rediyo. Ƙanwata Ladi ta ce to mutanen can wane watan suke dubawa su ɗauki azumi, tunda nasu da yawa?

A daidai wannan lokacin ne maganar hoton Iya ta taso. Tana da wa, Malam Habu, wanda ya tafi Makka a ƙasa tun tana amarya, ya zauna a Sudan bai dawo ba. Wani ɗan kasuwa daga Karaye mai zuwa can ya kawo saƙonsa: ya tsufa, yana son ganin fuskar ƙanwarsa ko a hoto. Mutumin zai koma da zarar ya haɗa kayansa.

Baffa ya ɗauke ta, ya yi mata irin aikinsa. Iya tana da 'yar baka a gefen bakinta da bille a kumatun hagu, tsagar gidansu. Duk ya goge, har da tamojin goshi. Ta riƙe hoton da nisa, ta matso da shi kusa.

"Auta, wace yarinya ce wannan?"

"Ke ce mana, Iya."

"To ka nemo mata miji, don ni ban san ta ba."

"Iya, birni za a kai shi fa. 'Ya'yansa za su gani. Haka ake yin hoto yanzu."

"Ba za a kai wa Yaya Habu baƙuwa ba."

Shi kuma ya ce hoton da ba a gyara ba bai taɓa fita daga shagonsa ba, ba kuma zai fara da na mahaifiyarsa ba. Kowa ya kafe. Ɗan kasuwa yana can yana ɗaure kaya.

Ran nan muna ɓarar gyaɗa, Baffa yana gefe a kan turmi, sai Iya ta ce a miƙo mata hoton watan nan. Ta dube shi, ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata ta zauna." Haka take buɗe tatsuniya. Muka ce mun matsa.

Wai akwai wata babbar tauraruwa mai 'ya'ya da yawa, duk watanni. Da yamma sukan fita yawo, idan sun dawo ta tsaya a bakin ƙofa tana duba fuskokinsu kafin su shiga. Wannan yana da tabon wuta, wancan ƙyanda ta bar masa zane, ɗaya kuma tsaga ce a fuskarsa tun daga goshi har haɓa. Mai tsagar nan ya riƙa jin kunya. Sai ya sauka wurin wata maginiyar tukwane, ya roƙe ta ta goge shi da dutsen da take goge tulu. Ta goge shi tas. Ya dawo yana ƙyalli, uwar ta tare ƙofa ta ce, "Sannu, baƙo. Ɗan wa?" Ya ce, "Inna, ni ne." Ta ce, "Nawa mai tsaga ne, shi nake jira." Tun ran nan yake zagaya gidan, bai shiga ba, bai kuma tafi ba.

Na ce, "Iya, ai Malam ya ce dukansu zagayawa suke, ba shi kaɗai ba."

"Nemansa suka fito, maigida. Suna wuce shi ba su gane shi ba. Hannunka ya tsaya."

Baffa ya ce, "Iya, da ni kike."

"Da wata nake. Ta ƙare, kowa ya kwashe ɓawonsa."

Dole in faɗi gaskiya, ba tatsuniyar ce ta juya Baffa ba. Dariya ma ya yi. Abin da ya juya shi wata mujallar ce daban da Malam Isiyaku ya samo a Kano, mai tsabta, ba ta taɓa ganin tsire ba, ga hoton watan nan a ciki. Baffa ya jera ta da shafinsa mai maiƙo, ya ɗauko gilashin da yake duba fim. Ya kama layi ɗaya a nan, ya same shi a can. Ya kama inda biyu suka gitta juna, nan ma haka. Takardu biyu ba za su yamutse iri ɗaya ba. Malam ya karanta masa cewa masana suna zaton ƙanƙara ce ta lulluɓe watan, ta tsattsage, amma ba su tabbatar da abin da ke ƙarƙashi ba.

Abin ya shige shi. Ya sake ɗaukar hoton watan, wannan karon ya ƙara masa duhu wajen wankewa don layukan su fito sosai. Muka ga wasu sun miƙe kamar hanyar shanu, wasu sun lanƙwasa. Ya ce da bai goge su ba, da tuni ya lura babu ramuka a jikinsa sosai irin na watanmu.

Washegari da hantsi ya zo da kyamara. Ya zaunar da Iya a tsakar gida, ya juya ta rana ta bugi gefen fuskarta.

"Auta, fensirin fa?"

"Na baro shi a Rogo."

Hoton ya riski ɗan kasuwa ana loda masa mota.

Sai bayan damina amsa ta zo, a kaset. Muka kewaye rikoda. Muryar tsoho ce, Hausarsa ta gauraya da Larabci. Bayan doguwar gaisuwa ya ce idonsa ya yi rauni, bai ga komai a takardar ba sai inuwa. 'Yarsa ce ta duba ta ce, "Baba, tsagarta irin taka ce." Ta kama yatsansa ta bi da shi a kan kumatunsa, sannan ta ɗora shi a kan hoton, daidai wurin. Iya ta ce a mayar da wurin nan baya. Aka mayar. Ta ce a sake. Ba su ƙara haɗuwa ba har Allah ya karɓi ransu.

Yanzu jikokina kan nuna mini hotunan watan nan a waya, waɗanda mutane irin Baffa suke gyarawa a gidajensu, su ƙara launi, su fito da layi. Ina kallo, kuma tambayata ba ta canjawa: me ya ƙara, me ya cire? Ban ƙi gyara ba, domin hoton Baffa na biyu ma gyara ne. Tsaga kuwa ta wuce, ban yi wa 'ya'yana ba, ban kuma yi nadama ba.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan faɗa ce uwa ta yi wa ɗanta a gaban yara. Sai da na kai shekarunta na sake dubawa. Ba Baffa ba ne watan. Ita ce ta ji tsoron a kai ta ƙofar ɗan'uwanta, bayan duk tsawon rabuwar nan, a ce mata sannu baƙuwa.