Kawu Manu da Malama Shiru

Duk wanda ya san Kawu Manu ya san ba ya danna hon. Babur ɗinsa mai caji ne, hon ɗin kuma lafiyarsa ƙalau, amma Kawu ya ce wuta yake sha. Saboda haka da baki yake yi. Za ka gan shi tafe a layin Tudun Wada, hula a karkace, babur ba ya ko tari, shi kuwa yana ta ihu: "Fiit! Fiit! Gafara dai, bayin Allah!" Awaki ma sun san muryarsa. Ni Asabe, 'yar ƙanwarsa, na sha jin kunya a kan wannan abu, yau kuwa ga ni ina ba ku labari ina dariya.

Ɗansa da ke aiki a Legas ne ya aiko masa da babur ɗin, a shekarun nan da gari ba lafiya, ga wahalar mai. Kawu ya raɗa masa suna Malama Shiru, ya kuma hana kowa ya ce "shi". Da ita yake fita daga gida a Gabukka zuwa rumfarsa ta gyaran agogo da rediyo a Tudun Wada. A kanta akwai ɗigo huɗu masu nuna caji, kuma tun daga ranar Kawu ya daina auna tafiya da nisa. In ka ce ya zo suna, sai ya ce, "Ina ne gidan? Kai, ɗigo biyu ne. A gaida mai jego."

Kun tuna lokacin shingen sojoji, da sai mai babur ya sauka ya kashe inji ya tura? To, ranar farko Kawu ya sulalo shiru har gaban buhunan yashi, sojan bai ji zuwansa ba sai da ya ji "Fiit!" a bayansa. Bawan Allah ya yi tsalle ya juyo da bindiga.

"Baba! Kashe injin nan!"

"Ɗana, ai a kashe ta zo duniya."

"Na ce ka kashe!"

Kawu ya sauka a natse, ya kama hannun sojan, ya ɗora masa a jikin babur. "Taɓa ka ji. Sanyi ƙalau. In ka samo inji a ciki, na ba ka shi kyauta."

Sojan ya duƙa, ya leƙa, ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya leƙa. Ƙarshe dai sai da kowannensu ya hau ya zaga. Kawu na tsaye yana cizon yatsa. Da ya dawo gida mahaifiyata ta ce, "Yaya, ka gode Allah ba su harbe ka ba." Ya ce, "Wane harbi? Rabin ɗigo suka cinye mini!"

Ana haka sai Malama ta fara gajiya. A da takan je Tudun Wada ta dawo da sauran ƙarfinta. Yanzu kuwa a hanyar komawa, da an wuce Shamaki kaɗan, sai ta fara jan ƙafa, ta tsaya. Kuma abin ba na wasa ba ne, don akwai dokar hana fita da yamma, tsoho kuwa ga shi yana tura babur rana na faɗuwa. Hankalin kowa ya tashi, ban da nasa. Shi murna ma yake, ya samu abin bincike.

Ya fara da taya. Ya kai wa mai faci, aka cika iska, ya ce a ƙara, aka ƙara, har mai facin ya ja da baya ya ce shi yana da iyali. Ba ta canja ba. Ya ɗaga ƙafar baya ya juya, ya ji birki na ɗan gogawa, ya sassauta. Ta ƙara 'yar tafiya, daga bakin masallaci zuwa wajen mai ƙosai, shi ke nan. Sai ya ce nauyi ne. Ya cire madubi. Ya cire kwandon gaba. Ya daina tafiya da kwanon abincin rana. Ni kaina ya daina rage mini hanya, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Asabe, tun da kika yi aure kin zama ɗigo guda cur."

Wata Juma'a muka gan shi ya shigo, Goggo Dija matarsa ta saki ludayi. Gemun nan nasa da ya kai ƙirji, an rage shi saura ɗan tsiri.

"Malam! Me ya same ka?"

"Iska yake tarewa."

Wallahi haka ya ce, ko murmushi babu.

Amininsa Oga Chidi, mai sayar da batura, wanda aka haifa a garin nan kuma ya fi wasunmu Hausa, ya zo da na'urarsa ya gwada. Batura huɗu ne a ƙarƙashin kujera. Ya nuna na uku ya ce, "Baba, dubi cikinsa, ya kumbura. Wannan ya mutu. Shi ke jan sauran ƙasa."

"Bai mutu ba. Fushi yake."

"Baba, shekara nawa ina sana'ar nan?"

"Shekara nawa ina gyara agogon da aka ce ya mutu? Chidi, kai kowa ka gani sai ka ce a binne shi."

Chidi ya tattara kayansa yana dariya, ya sha kunun ayar Goggo kofi biyu, ya tafi.

Asirin ya tonu ne wata safiya. A unguwarsu a lokacin da asuba ake kawo wuta, a ɗauke da hantsi. Kawu yakan jona caja ya tafi masallaci, ba ya dawowa sai rana ta fito. Ran nan ciki ya murɗa masa, ya dawo da wuri. Yana shiga ya ga cajar Malama a ƙasa, soket ɗin kuwa, wanda shi kaɗai ne mai aiki a gidan, an jona masa firij. Firij na ta gurnani cike da robobin kunun aya.

"Dija! Mene ne wannan?"

"Kunun aya ne, Malam."

"Soket ɗin nake tambaya!"

Goggo ko gezau. Ta ce, "Malamarka tana da ƙafa, in ta gaji a tura ta. Kununa in ya yi tsami wa zai tura shi? Ina jin takunka nake mayar mata da abinta."

"Tun yaushe?"

"Tun shigowar zafi. Kuma kai ne kullum kake cewa, Dija, kunun nan ya yi sanyi, Allah ya yi miki albarka."

Kawu ya zauna a kan turmi. Ya daɗe yana shafa haɓarsa. Can ya ce, a hankali, "Kina kallo na aske gemu."

"Ai ya yi maka kyau."

Chidi ya zo ya ƙara musu soket, aka yi sulhu. Malama ta farfaɗo sosai, amma ba ta koma kamar da ba, don batir na uku yana nan da kumburinsa. Kawu kuwa ya ce ko kusa, ba mai taɓa shi.

Sai ranar da ba na mantawa. Ina da cikin fari wata takwas, ina shagon ɗinkina a Tudun Wada, da rana tsaka muka ji ƙarar fashewar bam, ƙasa ta girgiza. Kafin ka ce me, gari ya rikice. Ana ta rufe shaguna, masu keke sun ɓace, waya ba ta shiga, mijina yana can wani gari. Na fito bakin titi na tsaya. Kowa gudu yake, yana ta kansa. Sai ga Kawu ya ɓullo ta inda mutane ke gudowa, rumfarsa ma a buɗe ya bar ta.

"Hau, 'yata."

"Kawu, ka ce ni ɗigo guda ce."

"Yau ku biyu ne, na yafe. Hau!"

Muka kama hanyar Gabukka, wajen mahaifiyata. Ba mu yi rabi ba Malama ta yi shiru na gaske. Na yunƙura zan sauka, ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Ya kama kan babur ya fara turawa, ina zaune. Tsoho mai shekara kusan saba'in, a hawa da gangara, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ina kuka, shi kuwa yana ba ni labarin yadda ake gyara agogon bango, don kada in ji jiniyar motoci. A shinge sojojin nan suka gane shi, ɗaya ya karɓa ya tura mu har kan kwana. Da muka isa ƙofar gida ya jingina da bango yana haki, ya daki kujerar babur ya ce, "Kun gani? Mutum biyu ta kawo, wuta ko kaɗan ba ta sha ba."

Bayan kwana uku ya je wajen Chidi da kansa, ya ajiye batir na uku a kan tebur. Chidi ya buɗe baki, Kawu ya ɗaga yatsa. "Kada ka ce komai. Ba mutuwa ya yi ba. Ritaya ce."

Kawu ya rasu bayan 'yan shekaru, ciwon kwana biyu, da gari ya riga ya lafa. Ranar jana'iza Chidi ya rufe shago, ya zauna a ƙofar gida tare da masu karɓar gaisuwa har kwana uku, ana yi masa ta'aziyya kamar ɗan gida. Mutane suka yi ta zuwa da agogo a hannu suna cewa shi ya gyara, kuma har yau yana tafiya daidai.

Allah ya jiƙan Kawu Manu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa. Yadda ya kai ni gida a ranar tsoro, Allah ya kai shi gidan aminci. Ya ba Goggo Dija haƙuri, mu kuma ya kyautata namu zuwan. Amin.