Sikilata da Farin Tsiron Masarar Baba

Fiye da shekara hamsin ban taɓa ba da labarin nan a fili ba. Yau zan ba ku, 'yan uwa.

Ina 'yar shekara tara a garinmu Dayi, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ƙafata ta hagu ta kumbura. Ciwo kamar ana kwankwatsa ƙashin da guduma. Idona ya yi ruwan ɗorawa.

Yayyena biyu da irin wannan ciwon suka rasu. Gwaggo Hari, yayar Baba, ta ce jinin Inna ne ba shi da kyau, a sallame ta. Inna sai kuka.

Baba ya ɗora ni a motar auduga zuwa asibiti a Malumfashi. Allura safe da yamma. Aka tsaga ƙafar aka fitar da mugunya, aka yi min ƙarin jini. Na ɗauka ni ma tafiya zan yi.

Likita ya ce sikila ce. Baba ya tambaye shi kai tsaye: "Daga uwarta ne?"

"Malam Sule, kai manomi ne. Ka taɓa ganin tsiron masara ya fito fari fat?"

"Na sha gani. Ba ya kwana ashirin yake mutuwa."

"Iyayensa fa?"

"Kore shar."

"To, daga 'ya'yan ake gane abin da iyaye suka ɓoye. Farin ba ya fitowa sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi. In sun haɗu, wajen ɗaya cikin huɗu ne zai fito haka. Haka sikila take."

Baba ya miƙa hannu. "Gwada jinina."

Aka kira Inna, aka gwada su duka biyun, ita da Baba. Kowannensu na ɗauke da shi.

Da Gwaggo ta zo dubiya, a gabana Baba ya ce mata: "Yaya, in za a kori uwar yarinyar nan, sai a haɗa da ni. Rabin ciwon nan nawa ne."

Wata uku na yi a kwance. Na fito da ɗingishi, amma da ƙafata, kuma Inna na ɗakinta har ƙarshen rayuwarta.

Alhamdulillahi. Allah Ya jiƙan iyayena, Ya saka wa likitan nan da ko sunansa ban riƙe ba.

Masu shirin aure, ku gwada jini ku biyun tun kafin a sa rana. Masu jinya, ku yawaita shan ruwa, kada ku bari zazzaɓi ya kwana. Kuma don Allah ku daina ɗora wa uwa ita kaɗai.