Malam Gazali, Telan Da Kumburi Bai Kwantar Ba

Kafin unguwar Runjin Sambo ta cika da ƙarar Keke Napep, Malam Gazali tela ya gama yaƙinsa na farko. Da ya dawo sallar asuba zai wanke ƙafar hagu, ya tsane tsakanin yatsu, ya shafa mai, matarsa Balaraba ta naɗe ta da bandeji tun daga tafi har cinya. Sai shago. Ya kifa tsohon turmi ya ɗora ƙafar a kai, ta dama kuwa ta hau keken ɗinki.

Ciwon daji na mafitsara, irin na maza, shi ya kai shi asibiti. Aka yi aiki, aka cire har da kaluluwa, ya tashi. Sai ƙafa ta fara tara ruwa, ta yi suntum, wando ya ƙi shiga. Likita bai ɓoye masa ba: kumburin nan lallaɓa shi ake yi, kuma kada ƙarfe ya taɓa fatar, don ɗan rauni sai ya zama gyambo.

'Yan majalisa suka ce tundurmi ne, wasu suka ce jifa. Wani ya ce ya rufe shago ya huta.

"In ruhe in zauna jiran mi?" in ji Malam Gazali. "Da ƙahwa nika riƙa almakashi?"

Wata Laraba wata dattijuwa, Mairo, ta zo daga ƙauyen Kwalkwalawa tana son a ɗinka wa mijinta wando mai ƙafa ɗaya kamar buhu. Ya tambayi awo, sai hawaye. Mijin, Sodangi, manomin shinkafa ne. Shi ma an yi masa aikin, ya kumbura har inda ba a faɗi, ya kulle kansa a ɗaki, ko masallaci ya daina zuwa. Yau 'yan'uwa suka kira wanzami ya tsaga ƙafar ya zuƙe ruwan da ƙaho.

Malam Gazali ko zaren da ke wuyansa bai cire ba, ya tari Keke.

Ya tarar da zaure cike, an fito da Sodangi, Dodo wanzami yana wasa aska.

"Sarkin aska, don Allah aje ta!"

"Tela, yaushe ka zama likita? Mugun ruwa na, hidda shi za mu yi."

Malam Gazali bai yi musu ba. A gaban dattawa ya ɗage wandonsa har cinya.

"Ku duba da kyau. Tawa awa tashi take, ciwo guda na. An hana ni ko tsagar allura, ga ni tsaye. In ka tsaga shi, gobe ba gona za shi ba."

Dodo ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da aska cikin zabira. "To ko gemu in rage mishi, kar in koma hannu sake."

Har Sodangi sai da ya yi dariya. Washegari Malam Gazali ya raka shi asibiti, aka koya wa Mairo naɗi. Ran Juma'a aka ga su biyu a sahu, cikin wanduna masu faɗi, suna dogara juna.

Malam Gazali, kai ne ka tone abin da maza ke rufewa har ya kai su ƙasa. Kai ne ba ka jira warkewa kafin ka ci gaba da rayuwa ba. Namijin duniya, mun gode, Allah Ya ƙara ƙarfin gwiwa.

Ku kuma, in akwai dattijon da kuka daina gani a masallaci tun bayan asibiti, kada ku tsaya aika gaisuwa. Ku je ku buga ƙofar, ku fito da shi.