Na rufe takardar 'yata a tulu kamar irin wake

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni manomi ne a Ƙofa, ta ƙasar Bebeji, kuma karatuna na boko bai wuce firamare ba. Allah ya yi ni da yawan zullumi tun ina yaro. Ni ne mutumin da zai kulle ɗaki, ya kai bakin masallaci, ya dawo ya sake taɓa kwaɗon. Wannan hali ne ya ja mini abin da zan faɗa.

'Yata ta fari ta samu gurbi a wata kwalejin koyon aikin lafiya a Kano. Ba ni da abin ɗaukar nauyinta sai shanun huɗata guda biyu, na kai su kasuwa. Damina uku ina noma da garmar hannu, maƙwabta suna cewa na sayar da abin da ke ciyar da ni na sayi takarda. Maganar ta zauna mini. Ranar da ta gama, ta durƙusa ta miƙo mini takardar shaidarta ta ce in ajiye mata, ji na yi kamar shanun nan ne aka ninke aka sa mini a hannu.

Daga nan neman ma'ajiya ya hana ni sakat. Akwati na ji tsoron ɗigar ruwa, ƙarƙashin katifa na ji tsoron gobara. A ƙarshe na yi abin da na ga mahaifina yana yi wa irin wake: na naɗe ta a tsumma, na sa a tulu, na cika da toka, na liƙe bakin da laka, na kai ƙuryar tsohon rumbu. Ban gaya wa kowa ba. Abin da ban tuna ba shi ne iri wata biyar yake yi kafin a buɗe shi, ita kuwa ta haura shekara, ga tulun ashe da tsaga a gindi.

Sai ga kira, ana neman 'yar tawa a Kiru nan da mako guda don tantance masu neman aiki, kuma a zo da takarda ta ainihi. Na shiga rumbu da hantsi na fasa bakin tulun. Ƙasa na tarar, da gara tana ta kai da kawo. Abin da ya rage ɗan gefe ne kamar tafin hannu, mai hatimi da rabin sunanta. Na zauna a wurin har aka kira azahar.

Kwana uku ina ɓoyewa. Na aika mata cewa na manta inda na sa, ina dubawa, kuma wannan ƙaryar ta fi garar ci mini rai. Abinci ya daina shiga. Ga ta 'yar fari, ko sunanta ba na kamawa, balle in dubi idonta in ce na kashe mata shekara uku. Dole na kira ƙanwata, gwaggonta, na nuna mata. Ta dubi tulun ta dube ni, ta tambaye ni ko shuka takardar na yi ina jiran ta tsiro ta ba ni biyu.

Ita ce ta kira yarinyar. Da yarinyar ta zo, ta ɗauki guntun ta juya shi, ni kuwa na fara neman gafararta. Sai kawai ta fashe da dariya har da hawaye, tana tambaya ko tokar ce ta yi kaɗan. Ta ce in kwantar da hankalina, hoton takardar yana wayarta, sunanta kuma yana rajistar makaranta, gara ba ta kai can ba. Sannan ta lura da idona, ta tambaya tun yaushe kaina ke ciwo. Ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura mini a dantse, ta ce jinina ya hau sosai, gobe sai asibiti, kuma gishiri da ni mun yi sallama. Ina kallon hannunta yadda ba ya rawa, sai na gane inda shanuna suka shiga.

Ta je kotu ta yi rantsuwa, ta kai wa kwalejin don su ba ta wasiƙar shaida. Wasiƙar ba ta fito kafin ranar ba, sai ta tafi da hoton, da takardar rantsuwa, da guntun a leda, ta faɗi gaskiya. Ta ce masu tantancewar sun yi dariya, sannan suka sa ta gwada aikin a gabansu. Suka ɗauke ta bisa sharaɗin ta kawo wasiƙar, ta kuwa kai bayan makonni. Yanzu tana aiki a ƙaramin asibiti wajen Ba'awa. Duk Asabar ɗin da ta zo gida, waɗanda suka ce takarda na saya suna layi a zaurena, kowa ya naɗe hannun riga.

Na yi nadamar ƙaryar kwana ukun nan, da wahalar kotu da na ja mata. Iyaye 'yan'uwana, karatun kwaleji yana da tsada, ni ma jikina ya gaya mini, amma abin da muka biya yana tare da yaron duk inda ya je. Ku bar wa mai takarda takardarsa, a ɗauki hotonta, in kuma kun yi ɓarna ku faɗa a ranar. Wasiƙar tana rataye a ɗakinta cikin gilashi. Har yau in na je sai na ɗaga ta na duba bangon, ita kuwa ta yi kamar ba ta gan ni ba.