Kwabo Uku a Kan Takarda

A gidanmu na Keffi, tatsuniya ba ta da wani lokaci sai na suyar ƙuli-ƙuli. Kakata Iya, mahaifiyar babanmu, takan hura murhu bayan sallar magariba, don a cewarta zafin mai da zafin rana ba sa haɗuwa a jikin tsohuwa. Ni da yayata Balaraba mukan zauna kusa da ita muna murza ƙulli muna miƙa mata. Idonta ya riga ya yi rauni, da ƙarar mai take gane ƙuli ya soyu. Ni kuwa a lokacin ina aji biyar na firamare, kuma ba na magana. Ko na san amsa a aji, sai in sunkuyar da kai ina kallon takalmin malama. Shi ya sa Iya take kirana Gwanar Shiru.

A shekarar da rediyo ya yi ta zancen za a sake fito da kuɗin ƙarfe, wani mutum ya same mu a ƙofar gida inda Iya ke kasa kayanta. Yana da kati rataye a wuya da jaka a hammata. Ya ce daga Abuja aka turo shi ya ji ra'ayin jama'a. Ya fito da takarda mai sheƙi ɗauke da zanen kwabo uku: ɗaya da saniya, ɗaya da damin dawa, ɗaya da dogon bene.

"Mama, wanne kike so a buga? Wanda mutane suka fi zaɓa shi gwamnati za ta yi."

Nan take ƙofar gidanmu ta cika. Balaraba ta ce bene, don a san mun waye. Wata Bafulatana mai kawo nono daga wajen Gitata ta sauke ƙwaryarta ta ce in ba saniya ba, to ba kuɗi ba ne. Maƙwabciyarmu Inna Delu ta ce ai ba a cin bene, dawa za a sa. Kowa ya faɗi nasa, mutumin na gyaɗa kai yana taɓa fom da biro.

Sai da gardama ta yi zafi ya sassauta murya ya ce, af, duk mai tsofaffin kuɗin ƙarfe a ɗaki ya kawo a musanya masa da sababbi, don in an buga sabon, riƙe tsohon zai zama laifi. Balaraba, da bakinta ba ya riƙe komai, ta ce ai Iya na da su a gwangwani.

Gaskiya ne. Iya na da kwabbai masu huji da aka shirya a zare, da 'yan sulalla ƙulle a tsumma, duk a cikin gwangwanin madara. Mahaifiyarta ce ta bar mata, matar da ta yi shekaru tana dakon gyaɗa a ka daga Panda zuwa kasuwar Keffi. Ba a sayen komai da su, amma su kaɗai suka rage mata daga uwarta. Mutumin ya ce gobe zai dawo da rasit. Iya ta ce, "Allah ya kai mu."

Da yamma, da mai ya fara tafasa, Iya ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga wata nan tafe, a buɗa mata hanya."

"Ta shigo," muka ce.

Ta ce a wani gari an yi wani baƙon maƙeri da ya zo wa mutane da samfurin kuɗi uku, ɗaya da zakara, ɗaya da kifi, ɗaya da jinjirin wata. Ya ce su zaɓi guda ya ƙera musu. Masunta suka ce kifi, masu kiwo suka ce zakara, malamai suka ce wata. Aka kwana bakwai ana musu, har aminai suka daina gaisawa. Shi kuwa maƙeri ya ce, kafin ku gama shawara, ku tara mini tsohuwar azurfarku a maƙera, kada a ɓata lokaci. Mutane suka riƙa kaiwa da gudu suna komawa wurin gardama, don kowa na tsoron a yanke hukunci ba ya nan.

"Ba wanda ya tambaya ina azurfar za ta kwana?" in ji Balaraba.

"Wa ke da lokaci? Ana ta kifi da zakara." Iya ta juya ƙuli da matsami. "Sai dai akwai wata yarinya da ke wucewa ta bayan maƙerar kullum in za ta rafi. Ita ce ta lura kwana bakwai ɗin nan ba a taɓa hura wuta a ciki ba. Tokar ma a sanyaye take. Kuma jakin maƙerin kullum da mangala a bayansa, fuskarsa na kallon hanyar fita gari."

Sai ta ci gaba da juya ƙulinta. Muka jira, ba abin da ake ji sai ƙarar mai.

"Iya, sai me? Ta faɗa?" in ji Balaraba.

"Oho. Nan tawa ta tsaya, ƙafarta ta gaji. Ni idona ya mutu, ban ga ƙarshenta ba." Ta juyo da fuskarta wajena. "Gwanar Shiru, ke da kike da ido, yarinyar ta faɗa ko ta haɗiye?"

Tun safe abin ke cina, ina ce wa kaina wace ce ni da zan zargi babban mutum mai kati a wuya. Da ƙyar na ce, "Iya, mutumin nan bai cire murfin bironsa ba."

"Ɗaga murya, ba da tukunya kike magana ba."

"Duk wanda ya zaɓa, sai ya taɓa takarda da biro, amma murfin na kai. Ba abin da ya rubuta. Kuma da Yaya ta ambaci gwangwani, bai sake kallon zanen ba."

Balaraba ta ce ni dai na cika sa ido. Iya ta tsamo ƙuli guda mai zafi, ta hura, ta sa mini a hannu.

Washegari mutumin ya dawo da littafin rasit. Iya ta fito da sule guda, ta sake shi a kan dutsen niƙa, ya yi ƙara siririya mai daɗewa.

"Ka ji nawa. Kawo naka in ji muryarsa."

Ya yi dariya ya ce nasa na takarda ne tukuna.

"To karanta mini abin da Delu ta zaɓa jiya."

Ya buɗe jaka yana lalube. Iya ta dafa kafaɗata. Ban san inda muryar ta fito ba, na ce, "Baba, fom ɗin jiya ba komai a kansa. Biron a rufe yake."

Ya dube ni, ya dubi matan da suka fara matsowa, ya ce zai je ya ɗauko wani fom a mota. Ba mu sake ganinsa ba. Inna Delu, wadda ta riga ta fito da nata ƙullin, ta mayar da shi cikin zani.

Har yau ban san ko wane ne shi ba. Abin da na sani shi ne, da kuɗin ƙarfen suka fito daga baya, babu wanda ya yi kama da ko ɗaya cikin ukun nan.

Iya ta rasu ina makarantar sakandare, gwangwanin kuma ni ta ce a ba. Na daɗe ina ɗauka darasin daren nan shi ne kada a yarda da baƙo. Sai da na girma, aka sha ajiye mini abu uku a gaba ana cewa in zaɓa, na gane ba haka ba ne. Zaɓi na da daɗi, yana sa mutum ya ji an girmama shi, har ya manta ya duba abin da ɗaya hannun ke yi. Na kuma gane Iya ba ta taɓa niyyar ba da gwangwaninta ba. Bakina take so ta buɗe.

Har yanzu ba ni da yawan magana. Amma duk ranar da aka miƙo mini takarda aka ce wanne nake so, murfin biron nake fara dubawa, in kuwa a rufe yake, ina faɗa.